Yadda ake tafiyar da aikin karɓar fili da kiyaye shi a ƙungiyar riƙon amanar filaye

Ƙungiyar riƙon amanar filaye ba riba take nema ba. Aikinta ta hana a share daji, a cike fadama, ko a yayyanka gona a mayar da ita unguwa. A Amurka wannan tsari ya fi kafuwa: tun 1891 aka kafa The Trustees of Reservations a jihar Massachusetts, yau kuma irin waɗannan ƙungiyoyi sun haura dubu. Ƙidayar da uwar ƙungiyarsu, Land Trust Alliance, ta yi a 2020 ta nuna sun kiyaye kimanin eka miliyan 61. Saboda haka dokoki da kuɗin da za a ambata a nan duk na Amurka ne.

Wanda aka ɗora wa wannan aiki yakan shigo da tunanin cewa nasara ita ce yawan ekar da aka karɓa a shekara. Kuskure ne. Duk filin da ƙungiya ta sa wa hannu, alkawari ta ɗauka wanda ba shi da ranar ƙarewa. Ma'aikacin da ya ƙulla cinikin zai yi ritaya, mai filin zai rasu, takardar kuwa tana nan tana jiran wanda zai tsaya mata. Shi ya sa kowane mataki a ƙasa tambaya ɗaya yake amsawa: nan da shekara hamsin, wanda bai san kowa a cikinmu ba zai iya kare wannan fili da abin da muka bar masa?

Hanya biyu ake bi

Ko dai ƙungiya ta mallaki filin kacokan, ta hanyar saye ko kyauta ko wasiyya, ko kuma ta karɓi yarjejeniyar kiyayewa. A ta biyun fili yana nan hannun mai shi, yana noma, yana kiwo, yana iya sayarwa ko barin gado, amma ya sallama wasu haƙƙoƙi har abada, galibi haƙƙin rarraba filin da yin gine-gine. Sharuɗɗan suna bin filin duk hannun da ya koma. Mallaka kacokan ta dace da wurin da ake so jama'a su shiga, ko inda za a yi aikin farfaɗo da daji ko fadama, amma tana zuwa da inshora da shinge da gyaran hanya da harajin kadara idan jihar ba ta yafe ba. Yarjejeniya ta fi araha a farko, sai dai tana ɗaure ku da mutanen da ba ku zaɓa ba, wato magada da masu saye na gaba.

Ma'aunin zaɓe

Kafin a taka ko fili ɗaya, kwamitin amintattu ya amince da ma'auni a rubuce. Me ake kiyayewa a wurin, mazaunin namun daji ne, ƙasar noma mai kyau ce, ko bakin kogin da gari ke sha? Yana manne da wani filin da aka riga aka kiyaye? Girmansa ya isa abin da ake son karewa ya rayu, ko tsibiri ne a tsakiyar gidaje? Mene ne amfanin jama'a a ciki? Idan mai filin yana sa ran rangwamen haraji saboda ba da yarjejeniyar kyauta, dole aikin ya faɗa ɗaya daga manufofi huɗu da sashe na 170(h) na dokar harajin tarayya ya jera: shaƙatawa ko ilimantar da jama'a, kare mazaunin halittu, barin sarari kamar gona ko daji wanda jama'a za su amfana da shi sosai, ko adana wurin tarihi.

Babban amfanin ma'auni shi ne ya ba ku bakin cewa a'a. Mai kuɗin da ke tallafa wa ƙungiya zai zo da eka uku a bayan gidansa yana so a karɓa, kuma ƙin amsawa da nauyi. Idan ma'aunin yana rubuce, takarda ce ta ƙi, ba mutum ba. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Haka nan idan filin na ɗan kwamiti ne ko ma'aikaci ko danginsu, sai ya bayyana hakan, ya fita daga zaman da za a yanke shawara, a kuma rubuta fitarsa a bayanan taro.

Zama da mai fili

A zaman farko ku yi tambayoyin da mutane ba sa son kawowa da kansu. Sunan wa ke kan takardar mallaka? Akwai bashin banki a kan filin? An ba wani haya ko izinin farauta ko sarar katako? 'Ya'yansa sun san da maganar? Filin gado da ba a raba ba yana bukatar sa hannun kowane mai kaso, kuma magaji ɗaya da ke wata jiha ya isa ya tsayar da aikin shekara guda.

Bayan zaman a aika masa wasiƙa. A ciki a faɗi matakan da za a bi, wanda zai biya safiyo da mai ƙiyasta kadara, gudummawar da za a roƙe shi don kula da filin, da kuma cewa ƙungiya ba ta ba da shawarar shari'a ko ta haraji, ya nemi lauyansa da akantansa. Kada ma'aikaci ya kuskura ya ce masa zai samu rangwamen kaza. Maganar gudummawa kuwa a yi ta tun yanzu. Wanda aka ɓoye wa ita sai sati biyu kafin sa hannu yakan ji an yi masa wayo, kuma da gaskiyarsa.

Idan saye ne kuma kuɗin bai haɗu ba, a ƙulla yarjejeniyar da za ta ba ƙungiya damar saye a kan farashi sananne cikin wa'adi, misali wata goma sha biyu ko sha takwas, a biya ɗan kafin alƙalami. A sa sharaɗin cewa ƙungiya na iya janyewa idan bincike ya tono matsala.

Bincike, inda yawancin ayyuka ke mutuwa

Binciken asalin mallaka shi ne farko, kuma a yi shi da wuri, ba a ƙarshe ba. Kamfanin inshorar mallaka ko lauya zai bi rajistar gunduma ya fito da duk abin da ke rataye a wuyan filin: jingina, bashin haraji, haƙƙin wucewa na maƙwabci, layin wuta ko bututun gas. Kada a tsaya ga jerin sunayen takardun, a karɓo kowace a karanta. Layi ɗaya da ke cewa kamfanin bututu yana da haƙƙin wucewa zai iya nufin yana da ikon share faɗin da ya ga dama a tsakiyar dajin da kuka zo karewa. Kafin rufe ciniki a sake sabunta binciken, don mutum na iya cin bashi a kan fili cikin watannin da ake tattaunawa.

Jingina tana da nata haɗari. Idan banki ya riga ku shiga rajista, ranar da ya ƙwace filin yarjejeniyarku ta bi ruwa. Maganin shi ne a biya bashin, ko banki ya sa hannu cewa haƙƙinsa yana bayan yarjejeniyar, kuma a yi hakan kafin ko a ranar bayar da kyautar. A shari'ar Mitchell, kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta tabbatar a 2015 da soke rangwamen haraji saboda takardar mai bashin ta zo kusan shekara biyu a makare. Bankuna ba sa sauri a wannan, a fara nema da watanni.

Sai ma'adinai. A jihohi da dama wanda ya mallaki saman ƙasa daban, mai abin da ke ƙarƙashi daban, tun zamanin kakanni. Idan haka ne, doka ba ta yarda da rangwame ba sai an nuna cewa yiwuwar haƙar ma'adinai ta saman ƙasa ta yi ƙanƙantar da ba a lissafa ta, kuma masanin duwatsu ne ke rubuta wannan rahoto. A jihohin yamma a ƙara da haƙƙin ruwa: gonar rani da aka sayar da ruwanta ba gona ba ce kuma.

Safiyo ya auna iyaka ya kafa alamu idan bayanin da ke cikin tsohuwar takarda bai fito fili ba, ko idan wani yanki ne kawai za a kiyaye. A tabbatar kuma akwai hanyar shiga ta doka. Hanyar da maƙwabci ke bari a bi don mutunci tana rufewa ranar da ya sayar.

Na ƙarshe binciken gurɓata. Dokar tarayya ta 1980 da ake kira CERCLA tana iya ɗora kuɗin tsabtace guba a kan wanda ya mallaki fili yanzu, ko da ba shi ya zubar ba. Kariyar mai saye ita ce ya nuna ya yi bincike kafin ya karɓa, wato binciken mataki na ɗaya bisa ƙa'idar ASTM E1527: ƙwararre ya duba tarihin wurin da tsofaffin hotunan sama da bayanan hukuma, ya taka filin, ya yi hira da masu shi. Muhimman sassan rahoton kwana 180 suke yi kafin su tsufa, don haka idan ciniki ya ja sai an sabunta. A tsofaffin gonaki abin da aka fi tararwa shi ne tankin mai da aka binne, jujin da ke cikin kwazazzabo, da wurin da ake haɗa maganin ƙwari. Kyauta ma sai an bincike ta, don fili mai guba ba kyauta ba ne, bashi ne.

Ƙiyasi da kuɗi

Idan ƙungiya ce ke saye, ta ɗauki nata mai ƙiyasta kadara mai zaman kansa kafin rufe ciniki. Ƙungiyar agaji da ta biya fiye da darajar kasuwa ba tare da hujja ba ta azurta mutum ɗaya da dukiyar jama'a, kuma hakan na iya taɓa matsayinta na wadda aka yafe wa haraji. Darajar yarjejeniya ana fitar da ita ne ta kwatanta kafin da bayan: a ce fili ya kai dala 1,000,000 ba tare da sharaɗi ba, da sharaɗi kuma dala 600,000, to yarjejeniyar dala 400,000 ce. Mai fili na iya sayarwa a ƙasa da wannan, ragowar ta zama kyauta.

Idan kyauta ce, ƙiyasin nauyin mai bayarwa ne. Abin da ya haura dala 5,000 sai da cikakken ƙiyasi da fom 8283, wato takardar haraji ta bayyana kyautar kadara, kuma ba a yin ƙiyasin fiye da kwana 60 kafin ranar kyautar. Ƙungiya kuma ta ba shi takardar shaidar karɓa da ke faɗin ko an ba shi wani abu a madadi. Wannan 'yar wasiƙa ta sha jawo asarar rangwame mai yawa don kawai an manta da ita. Tun 2015 doka ta tabbatar da cewa mai ba da yarjejeniya na iya cire har kashi 50 cikin ɗari na kuɗin shigarsa a shekara daga abin da za a ɗora wa haraji, manomi ko makiyayin da ya cika sharaɗi har kashi 100, abin da ya rage kuma a ja shi zuwa shekara 15.

Inda akwai wannan garaɓasa, 'yan damfara ba sa nisa. An yi yayin haɗa masu zuba jari su sayi fili da rahusa, a kumbura ƙiyasinsa ninki-ba-ninki, a ba da yarjejeniya, a raba rangwamen. Hukumar haraji ta IRS ta sa wa irin wannan ciniki ido tun sanarwarta mai lamba 2017-10, a Disamba 2022 kuma majalisa ta hana rangwame ga yawancin haɗakar da ke neman fiye da ninki biyu da rabi na jarinta. Sa hannun ƙungiya a fom 8283 shaidar karɓa ce kawai, ba amincewa da adadin ba, amma wannan ba uzuri ba ne. A nemi ganin ƙiyasin kafin sa hannu, idan adadin ya fi ƙarfin hankali a ƙi.

Kuɗin saye da wuya ya fito daga aljihu ɗaya. Shirin ACEP na ma'aikatar gona yakan biya har rabin darajar yarjejeniya a kan ƙasar noma, asusun gwamnatin tarayya na Land and Water Conservation Fund kuma tun 2020 yana samun dala miliyan 900 kowace shekara, ga na jihohi da gidauniyoyi da ɗaiɗaikun mutane. Kowane mai bayarwa da nasa sharuɗɗan: wani yana son irin nasa ƙiyasin, wani yana da kalmomin da dole su shiga takardar, wani kuma ba ya biya sai bayan an kashe. A jera wa'adinsu duka a jadawali ɗaya tare da ranar tsufar ƙiyasi da ta rahoton gurɓata, don sau da yawa ɗaya yakan ƙare ana jiran ɗaya.

Kasafin aiki bai cika ba sai da kuɗin kulawa. Lissafinsa ba wuya: a tara abin da fili zai ci a shekara, wato lokacin ma'aikaci, tafiya, inshora da ajiye bayanai, a raba da kason da ake cirewa daga asusun ajiya. Idan dala 800 ce a shekara kuma ana cire kashi 4 cikin ɗari, ana bukatar dala 20,000 a ajiye, ban da tanadin shari'a. Kwamiti ya ga wannan adadi da inda zai fito kafin ya kaɗa ƙuri'a.

Rubuta yarjejeniya

A fara da samfurin ƙungiya wanda lauya masanin fannin ya duba, kada a karɓi daftarin lauyan mai fili a matsayin tushe. Ƙa'idar rubutun ita ce kada a hana abin da ba za a iya gani ko aunawa ba. Sharaɗin da ya ce kada a yi ginin da zai ɓata kyan wuri gardama ce aka ajiye wa gobe. Wanda ya ce gini ba zai wuce ƙafa 30 a tsayi ba, kuma sai cikin yankin da aka zana a taswira, kowa na iya aunawa. Haka hana abin da sai mai kwana a filin zai sani, kamar yawan dabbobin da ke kiwo kowace rana, nauyi ne da ba za ku iya saukewa ba.

Wurin da aka bar wa mai fili ya yi gini a tsayar da shi a taswira tun yanzu. A shari'ar Belk, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da soke rangwame a 2014 saboda yarjejeniyar ta ba da damar a cire wani yanki a musanya shi da wani, alhali doka takamaiman fili take so a ɗaure har abada. Takardar ta kuma faɗi haƙƙin ƙungiya na shiga dubawa, abubuwan da sai an sanar da ita ko an nemi izininta, da kason da za ta samu idan wata rana kotu ta warware yarjejeniyar aka sayar da filin.

Kundin halin fili

Wannan kundi shi ne shaidar yadda aka tarar da wurin ranar da aka karɓa: taswirori, hotunan sama, hotunan ƙasa da aka ɗauka daga wurare sanannu masu lambar GPS da kwanan wata, jerin gine-gine da girmansu, hanyoyi, shingaye, da bayanin abin da ake kiyayewa. Mai fili da ƙungiya su sa masa hannu kafin ko a ranar rufe ciniki. A bi yarjejeniyar sharaɗi bayan sharaɗi, kowanne a tambaya: idan an karya wannan, da me za mu nuna wa alƙali yadda yake a da? Kundi mai shafi ɗari na sunayen tsuntsaye wanda bai auna rumbun da ke bakin rafi ba, bai yi aikinsa ba.

Da an sa hannu a kai takardar rajistar gunduma nan take. Asalin takardu a ajiye su inda wuta da ruwa ba za su kai ba, kwafinsu kuma a wani wuri daban.

Bayan biki

Ƙa'idojin Land Trust Alliance, waɗanda aka sabunta a 2017, sun ce a duba kowace yarjejeniya aƙalla sau ɗaya a shekara, a rubuta rahoto. Ana iya amfani da hoton sama, amma a taka ƙasa aƙalla sau ɗaya cikin shekara biyar. A sanar da mai fili kafin zuwa, a gayyace shi ya zagaya tare, a riƙe kundin farko a hannu, a fi mai da hankali kan iyakoki da wuraren gini. Mai duba ya rubuta abin da ya gani kawai. Kada ya yanke hukunci a bakin gona, ko ya ce ba komai, don wannan kalma tana iya dawowa a kotu.

Manyan saɓani galibi ba daga wanda ya ba da yarjejeniyar suke zuwa ba, daga mai saye na biyu ko na uku ne, wanda bai zaɓi sharuɗɗan ba, wataƙila ma bai karanta su ba. Don haka a riƙa bibiyar canjin mallaka, a ziyarci sabon mai fili a watanninsa na farko da kwafin takarda da taswira, tun kafin ya kira mai buldoza. Idan an sami saɓawa, a ɗauki hoto da awo, a sanar da lauya, a yi magana da mutumin, sannan a bi da wasiƙa mai wa'adin gyara. Yawanci a nan ake gamawa. Wanda ya kai kotu yana iya cin kuɗin da ya fi kasafin ƙaramar ƙungiya na shekara, dalilin da ya sa ƙungiyoyin suka kafa inshorarsu ta haɗin gwiwa, Terrafirma, wadda ta fara aiki a 2013. Tana da wa'adin kai rahoto, kuma wanda ya yi jinkirin sanar da ita matsala yana iya rasa kariyar.

Za a kuma zo muku da roƙon gyara yarjejeniya: a matsar da wurin gini, a ƙara gida ɗaya don ɗa ya yi aure. Kafin irin wannan roƙo ya iso, kwamiti ya riga ya amince da manufa a rubuce. Gyaran da za a karɓa shi ne wanda bai rage abin da ake kiyayewa ba, bai saɓa wa manufar asali ba, kuma bai ƙara wa mai fili dukiya a banza ba. Idan ana shakkar na ƙarshen, mai ƙiyasta kadara ya auna darajar filin kafin gyaran da bayansa. Duk gyaran da aka yi a kai shi rajista kamar takardar farko, a sabunta kundin halin fili, a kuma bayyana shi a fom 990 na wannan shekarar, wato rahoton da ƙungiya ke miƙa wa hukumar haraji duk shekara.